Ciki ya ƙanƙance amma rai na neman shayi da fanke: me ke faruwa bayan aikin rage ƙiba?

Maman Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga duk wanda aka yi wa aikin rage ƙiba, ko yake da wanda aka yi wa a gida. Ni an yi min irin wanda ake yanke tumbi, wato siliv, a Tunis, ban cika shekara ba tukuna. Alhamdu lillahi jiki ya sauka, gwiwoyina sun daina ciwo, har likita ya rage min maganin hawan jini. Damuwata ba yunwa ba ce, don sai in kai azahar ban tuna da abinci ba. Amma da la'asar ta yi, aka ɗora butar shayi a kan gawayi, yara suka shigo da fanke mai zafi mai ya jiƙa takardar, sai in rasa inda zan sa raina. Tuwo loma uku na ƙoshi. Nama kuwa tsaya min yake a ƙirji. Amma shayi mai sukari da kunun gyaɗa wucewa suke ba gardama, in sha in ƙara. Sai kuma wani sabon abu da ya fi ba ni tsoro: taunar ƙanƙara, da marmarin farar ƙasa, wadda ake sayarwa a kasuwa da sunan kalaba. Rabona da ita tun ina da cikin fari. Shin haka kowa ke ji, ko aikin ne bai yi ba?

Goggon Gaundare:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ban san aikin ba, amma kalabar nan ki bar ta don Allah.

Alhaji na Kusiri:
Hajiya, aikin bai lalace ba. Ni baifas aka yi min a Masar shekarun baya, wato irin wanda ake ware ɗan ƙaramin tumbi a haɗe shi da hanji, kuma abin da kika faɗa duk na san shi in ban da ƙanƙarar. Likita tumbi ya taɓa, bai taɓa hanci da ido ba, bai kuma taɓa sabon da mutum ya yi tun yana yaro ba. Ni lokacina bayan isha'i ne, idan aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida aka fara zagayawa da ƙananan kofuna. Ba yunwa ke kai hannuna ba, zaman ne.

Baban Yara (Njamena):
To ni wannan shi ne abin da nake faɗa wa maiɗakina kullum. Ta matsa sai an kai ta, ana maganar miliyoyin sefa da kuɗin jirgi da masauki. In dai mutum zai dawo yana fama da kwaɗayin da ya kai shi can, me aka yi ke nan? Ba gara ta kama bakinta a gida ba? Ku yi haƙuri, ba raini ba ne, amma ni ina ganin haƙuri ne ya yi ƙaranci a zamanin nan.

Maman Biyu (Garwa):
Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin in yarda a sa min wuƙa babu irin kame bakin da ban yi ba. Ka tambayi matarka abin da take ji idan za ta tashi daga sujada.

Nas 'yar Marwa:
Bari in sa baki, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yayata ma an yi mata siliv, ni nake kula da ita.

Baban Yara, maganar ba ta haƙuri kaɗai ba ce. A siliv ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, shi ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa Maman Biyu take kai azahar ba ta tuna abinci ba. Mai ƙiba da ke rage cin abinci da ƙarfin hali kuwa, jikinsa ƙara wannan sinadarin yake yi, yunwar ta ƙaru, shi ya sa da yawa suke ramewa su sake komawa. Don haka aikin yana yin abin da kame baki ba ya yi. Amma yunwa daban, marmari daban. Marmari yana zuwa ne daga ƙamshi, da lokacin da aka saba, da gajiya, da ɓacin rai, da zaman kaɗaici. Wannan ba a yanke shi a ɗakin tiyata.

Yaya Maman Biyu, abin da kika lura da shi game da shayi da kunu shi ne babban tarkon. Ƙaramin tumbi yana tare abu mai ƙarfi, nama da kifi da ƙwai su zauna su ƙosar da ke. Abu mai ruwa kuwa kamar a rariya yake bi. Shayin da muke dafawa a nan kin san yawan sukarin da ake zubawa, ga kunun gyaɗa, ga fura da aka dama da sukari, ga zoɓo mai sanyi. Mutum zai iya wuni yana kurɓa, bai taɓa jin ya ƙoshi ba, alhali abin da ya shiga jikinsa ya kai na mai cin malmala biyu. Da yawa daga cikin waɗanda nauyinsu ke dawowa bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ta wannan ƙofar yake dawowa, da kuma tsince-tsince: gyaɗa kaɗan yanzu, cincin kaɗan anjima.

Sai maganar ƙanƙara da kalaba. Wannan kam ba na sa shi a layin kwaɗayi. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Bayan aikin ruwan tsamin tumbi yana raguwa, jiki ba ya tsotsar ƙarfe kamar da, ga shi kin ce nama ba ya wuce miki, ga al'ada duk wata. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abinci idan aka sha su kusa da juna, ita ma farar ƙasar haka take yi. Ki je a yi miki gwajin jini a satin nan, kada a tsaya a yawan jini kaɗai, ki ce a duba feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki, da bitamin B12.

Maman Biyu (Garwa):
Ikon Allah. Ga shi kuwa kwanan nan in na hau 'yar matakala sai haki, na ɗauka zafi ne. Na gode ƙanwata, zan je.

Baban Yara (Njamena):
Nas, na ji bayanin girelin, ban san da shi ba. Amma kin ga ke ma kin ce nauyin yana dawowa.

Nas 'yar Marwa:
Wani abu yana dawowa ga mutane da yawa, gaskiya ne. Amma dawowar kilo kaɗan daban take da komawa inda aka fito, kuma masu ciwon sukari da yawa suna samun sauƙi sosai. Ban ce ka kai ta ba, ban ce kada ka kai ta ba. Likita ne zai auna nauyinta da tsawonta da cututtukan da take da su.

Alhaji na Kusiri:
Bari in ba ku labarin abin da sukari ke yi wa mai baifas, don wanda zai je ya sani. Mu tumbin da aka bar mana bai wuce mililita 30 ba, kuma an haɗe shi kai tsaye da hanji. Wani ɗaurin aure muka je a ƙetaren gada, cikin Njamena. Mai gidan ya miƙo min lemon kwalba mai sanyi da hannunsa, ya tsaya a kaina yana rantsuwa sai na sha. Ban kai rabi ba. Kafin a shafa fatiha gumi ya jiƙa min babbar riga, zuciya na bugawa kamar za ta fito, jiri, ciki na murɗawa. Sai da aka kwantar da ni a ɗakin baƙi. Likitoci damfin suke ce masa: sukarin ya faɗa hanji a lokaci ɗaya, ya jawo ruwa daga jini. Yakan zo minti 10 zuwa 30 bayan an ci. Akwai kuma na biyu, mai zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, inda sukarin jini ke faɗuwa ƙasa, jiki ya ɗau rawa, ka ji in ba ka sa wani abu mai zaƙi a baki ba za ka faɗi. Wannan na biyun mugu ne, don shi da kansa yake haifar da marmarin zaƙi. Ka sha, ya sake faɗuwa, ka sake nema.

Nas 'yar Marwa:
Haka ne Alhaji. Ya fi yawa ga masu baifas amma masu siliv ma wasu na samu. Yaya Maman Biyu, ki lura ko marmarin la'asar ɗin nan yana biyo bayan wani abu mai zaƙi ko farar shinkafa da kika ci da rana.

Goggon Gaundare:
Ni abin da ya tsaya min a labarin Alhaji shi ne mai gidan. Kada ku ga laifinsa. Mu haka aka tashe mu, baƙo bai ci ba kamar ka zage shi ne, shi ma in ya ƙi ci kamar ya raina ka. Mace ta je gidan suna ta tsakuri shinkafa ta janye hannu daga tire, kafin ta kai gida an ce ko tana fushi da masu gida, ko tana tsoron sammu. In kuma ta rame da sauri, Allah kaɗai ya san cutar da za a laƙaba mata. To ya za a yi? Ni shawarata a faɗa wa mutane gaskiya.

Maman Biyu (Garwa):
Goggo, wallahi nan ne wuyar. Daga mijina sai mahaifiyata suka sani. Dangin miji cewa aka yi na je ganin likitan ciki. Idan na faɗa, abin da Baban Yara ya faɗa shi zan ji: kuɗi sun yi mata yawa, ta kasa kama bakinta.

Goggon Gaundare:
Ba sai kin buɗe komai ba 'yata. Ki ce an yi min aiki a ciki, likita ya hana ni sukari da cika ciki. Ƙarya kika yi? Mai ciwon sukari in ya ce a ba shi shayi ba sukari ai ba wanda ke jin haushi yanzu.

Ɗiyar Tafki (Njamena):
Ni ban yarda a ɓoye ba sam. An yi min siliv a Turkiyya kuma duk unguwarmu an sani. Da farko an yi surutu, daga baya aka gaji. Yanzu in na je biki da kansu suke zubo min nawa a ƙaramin faranti, har a tsamo min kifi. Ɓoyewar ita ke sa mutum ya ci abin da zai cutar da shi don kunya. Kuma cin abinci a tire ɗaya da jama'a ba namu ba ne yanzu. Kowa na sauri, ke kuma ana so ki tauna loma har ta narke, ki ɗau minti ashirin ko talatin a kan ɗan abin da ke gabanki. A tire ba za ki san yawan abin da kika ci ba sai kin ji ya tokare ki.

Alhaji na Kusiri:
Ga maza ma ya fi wuya, 'yar uwa. Namiji ya ware faranti a cikin abokansa, sai a ce girman kai. Ni dai ina zama da su, ina sa hannu, amma gefen nama ko kifi nake bi, in ɗan taɓa tuwon. Shayi kuma na sa yaron da ke dafawa ya riƙa zuba min nawa kafin ya sa sukari, da na'ana'a a ciki. Makonnin farko ɗaci kawai nake ji. Yanzu in na kurɓi nasu har tashin zuciya yake sa ni. Harshe yana sauyawa, wannan na tabbata.

Maman Biyu (Garwa):
To me kuke ci ne takamaimai? An ba ni takarda da Faransanci, duk abincin cikinta na Turawa ne, cuku iri-iri da abubuwan da ko a manyan kantuna sai an dace.

Ɗiyar Tafki (Njamena):
Takardar nan kowa da irinta ya dawo. Ki ɗauki ƙa'idar kawai ki bar sunayen. Mai gina jiki shi ne farko a faranti, ganye ya biyo, tuwo ko shinkafa a ƙarshe in da sauran wuri. Ke da kike Garwa ai kin fi mu gata, kifin Lagdo da na Binuwai na shigo muku ɗanye. Karfasa ko giwan ruwa a farfesu, ba soyawa ba. Ƙwai dafaffe. Kindirmo ba sukari. Alale. Awara amma a dafa ta cikin miya. Naman da ke tsaya miki, ki gwada niƙaƙƙe ko wanda ya dahu lugub cikin miyar kuɓewa ko kuka, yauƙin na taimaka masa ya wuce. Tsire da kilishi ki ɗan jinkirta musu, busasshen nama shi ya fi tokarewa. Ni kuma ina sa dihe a miya, wannan koren da matan yankin Kanem na Chadi ke kwasowa daga tafkuna su shanya a rairayi. Tun da na fara shi na ajiye ƙwayoyin bitamin, don an ce ya ƙunshi komai.

Mai Farmasi (Marwa):
Hajiya, a nan kam zan tsaya ki. Dihe abinci ne mai kyau, wata irin gansakuka ce da ake kira sifirulina, fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Amma yawancin B12 da ke cikinta ba irin wanda jikin mutum ke amfani da shi ba ne. Kuma matsalarku ba ta rashin B12 a abinci kaɗai ba ce, tumbin ne ya rage samar da abin da ke kama shi ya shigar da shi jini. Hanta tana da ajiyar da za ta iya kai mutum shekaru, shi ya sa za ki ji garau yanzu. Ranar da ajiyar ta ƙare sai a fara jin tafin ƙafa na dindiris, mantuwa, kasala, kuma lalacewar jijiya wani lokaci ba ta gyaruwa duka. Ki koma kan ƙwayoyinki don Allah. Wasu ma allura ake musu duk wata uku.

Tun da na shigo, in ƙara biyu. Ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam ba a haɗa su lokaci ɗaya, a bar aƙalla awa biyu tsakani, kuma kada a kora ta ƙarfe da shayi ko madara. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a tebur a bakin kasuwa kamar alewa, suna iya jawo gyambo a tumbin da aka ɗinke, musamman ga masu baifas. Kowane likita kuka je gabansa, ko na haƙori ne, ku faɗa masa an yi muku aikin.

Ɗiyar Tafki (Njamena):
Ƙwayoyin da aka rubuta min ba a samunsu a nan kullum, in an samu kuma tsada. Sai ka ba wani saƙo daga Yawunde ko Faransa. Wannan ma a faɗa.

Mai Farmasi (Marwa):
Gaskiyarki. Amma ba dole sai wannan kwalin ba. Ki kai takardar wurin likita ko farmasi na ƙwarai, a duba abin da ke ciki a haɗa miki da waɗanda ake samu. Allurar B12 da ƙwayar ƙarfe ba su da wuyar samu.

Nas 'yar Marwa:
In ƙara lissafi a kan abin da Ɗiyar Tafki ta kawo. Abin da aka fi ba da shawara shi ne giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne. Kofin madara na mililita 250 kusan 8. Dafaffen kifi giram 100 yana ba da 20 ko sama. Kun ga sai an yi da gaske kafin a kai, shi ya sa ba a ba fanke wurin. Kuma abin da na gani ga yayata: ranar da ta ci ƙwai ko kifi da rana, la'asar ba ta wahalar da ita. Ranar da ta tsallake abinci don ba ta jin yunwa, ranar ce take neman zaƙi ido rufe. Don haka a ci bisa agogo, kada a jira yunwa. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi-kurɓi duk wuni, amma ba tare da abinci ba, a bar kamar rabin awa. A zafinmu na nan ƙishirwa ma tana zuwa da kamar marmari.

Baban Yara (Njamena):
To azumi fa? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Mutumin da ba zai iya shan kofi ɗaya a tashi ɗaya ba, ya zai yi da buɗa baki?

Alhaji na Kusiri:
Shekarar farko ban yi ba, likita ya hana, na rama daga baya a lokacin sanyi. Yanzu ina yi. Amma buɗa bakina ba irin na gida ba ne. Dabino ɗaya, ruwa kaɗan-kaɗan, in yi magariba, sannan romo da kifi. Kunu da ƙosai da zoɓo da ake jerawa in na bi su damfin ne zai kwantar da ni, in rasa tarawihi. Tsakanin isha'i da sahur kwalbar ruwa ba ta barin hannuna.

Malam Ɗalibi (Garwa):
Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar, shan shi ba raunin imani ba ne. Wanda kuma aka ce ba zai taɓa iyawa ba, hukuncinsa daban ne, ya zauna da malami a garinsu ya yi masa bayanin halinsa.

Nas 'yar Marwa:
Likitoci da yawa suna cewa a bar azumi a shekarar farko. A nan Marwa, Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, wanda bai iya cika cikinsa da ruwa da asuba ba zai iya bushewa kafin la'asar. Kuma duk wanda ke yawan amai bayan aikin, azumi ko ba azumi, ya tafi asibiti da wuri. Yawan amai na hana jiki samun bitamin B1, ajiyarsa a jiki kuwa ta 'yan makonni ce, ƙarewarsa na taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya.

Baban Yara, in matarka tana shekarun haihuwa, ku sani ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin. Ku yi wannan maganar tun kafin a sayi tikiti.

Baban Yara (Njamena):
Har yanzu ban gamsu a je ba, amma na ga tambayoyin da ya kamata in yi ba su ne nake yi ba. Wanda ya yi aikin yana Tunis ko Alƙahira, mu muna nan. Wa zai riƙa duba ta in ta dawo?

Ɗiyar Tafki (Njamena):
Ka nemo shi tun yanzu, likitan ciki ko na ciwon sukari da zai yarda ya riƙe fayil ɗinta. Kuma kada ku baro can sai an ba ku rahoton aikin a rubuce, da jerin gwaje-gwajen da za a riƙa yi da lokutansu. Ni a shekarar farko duk bayan 'yan watanni ake ɗibar jinina, yanzu sau ɗaya a shekara. Mai Farmasi, gobe zan kai takardar tawa a duba, amma ka rubuto min sunan gwajin B12 ɗin yadda ake rubuta shi da Faransanci, don in nuna musu a ɗakin gwajin jini.